Tumatirin gwangwani na Italiya: wa ya noma, wa ya tsinka, wa ya ci riba?

Baban Danja

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, don Allah wanda ya sani ya amsa mini. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina noman rani, kuma tumatir ne babban abin da nake dasawa. Shekaranjiya na kai kwando goma sha huɗu kasuwa. Tun hantsi har la'asar sakaliya ba a yi mini tayin da ya kai kuɗin kwando da na mota ba. Ƙarshe na sallama tara a yadda aka ga dama, biyar na dawo da su gida yara suna yankawa za a shanya. A bakin kasuwar nan kuwa akwai wani shago, katan-katan na tumatirin gwangwani jibge har rufi, wasu da launin tutar Italiya a jiki, kore da fari da ja. Na tsaya ina kallo, raina ya ɓaci matuƙa.

Yaya za a yi a noma tumatir a ƙasar Turawa, inda ake biyan lebura da Yuro, a sa shi a gwangwani, a ɗora a jirgin ruwa, a biya kwastan, a kawo shi har Danja ya samu mai saye, ni nawa da na tsinko da asuba ya rasa? Ƙasarsu ce ta fi tamu albarka, ko akwai abin da ba mu sani ba?

Ɗan Zango

Wa alaikumus salam Baba. Sannu da haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Ni rabin tambayar zan amsa, rabin da na gani da idona kuma na ji a gadon bayana.

Ɗan zangon Kumasi ne ni. A 2014 na fita, ta Agadas, ta Sabha, ta teku, har tsibirin Lampedusa na Italiya. Kaka uku na yi ina tsinkar tumatir a yankin Foggia da ke kudancin Italiya. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ido ba ya ganin ƙarshensa, kuma a watan Yuli da Agusta zafin ranarsa bai da maraba da na gida. Ba mai gona ne ke ɗaukar ka aiki ba. Akwai ɗan tsakiya, kaporale suke ce masa. Shi ke da mota, shi ya san mai gona, shi ke nuna wanda zai fita yau da wanda zai yini a bukka. Ƙarfe huɗu na asuba ake cusa mu a motar da aka cire wa kujeru aka jera benci. Aikin kuma jinga ne. Akwai wani ƙaton akwatin roba, kasone, yana cin kilo 300. In ka cika shi Yuro uku da rabi, ran da aka yi sa'a huɗu. A ciki kaporale zai cire Yuro biyar kuɗin mota kullum, ruwan sha da burodi ma a hannunsa za ka saya. Ku yi lissafi da kanku: kilo guda na tumatir, ladan wanda ya duƙa ya tsinko shi bai wuce santi ɗaya da ɗan ɗoriya ba.

A sansanin leburori na Rignano muke kwana, bukkokin kwali da leda da langa-langa, ba famfo ba lantarki. A watan Maris na 2017 gobara ta tashi a can ta ci 'yan Mali biyu. A Agustan 2018, cikin kwana uku, leburori 16 suka mutu a haɗarin mota biyu kusa da Foggia, suna dawowa daga gonar tumatir a irin motar da na faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai, Baba, shi ne mutanen da na tarar a wurin. Da yawa 'yan Gana ne daga Navrongo da Techiman, 'ya'yan manoman tumatir. Kamfanin sarrafa tumatir na Pwalugu da iyayensu ke kai wa kaya ya durƙushe, gwangwanin waje ya cika kasuwa, noma ya daina ciyar da gida, suka taso. Ga su nan suna tsinkar tumatir a gonar wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hajiya Mai Abinci

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ɗana, Allah ya saka maka wahalar da ka sha.

Amma Baba, kada ka ga laifinmu mu masu saye. Kullum sai na ciyar da mutum fiye da ɗari a rumfata. Yanzu da kaya ya yi yawa ɗanye nake saye, wallahi ya fi daɗi nesa ba kusa ba. To daga watan biyar zuwa na takwas fa? Kwandon da kake rasa mai taya shi yau, a lokacin sai ya ninka sau biyar ko fiye, kuma rabinsa ruɓaɓɓe. Farantin shinkafata kuwa ba zai ninka sau biyar ba. Gwangwani da na leda kuɗinsu ba ya irin wannan tsalle, ba sa lalacewa, kuma suna ba miya jan da mai saye ke so. Ba ƙaunar Italiya ce ta kai ni ba.

Ƙanwata da ke aure a Legas ma ta ce mudun da suke awon shinkafa da wake da shi, derika, sunan wani tumatirin gwangwani ne na Italiya, De Rica. Ka ga daɗewar abin a tukunyarmu.

Malamar Samaru

Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗan Zango ya faɗi gaskiya, amma in muka tsaya nan za mu tashi da zaton cewa cutar lebura ce kaɗai ta sa gwangwaninsu ya yi araha, kuma ba haka ba ne.

Da farko, mafi yawan tumatirin da Italiya ke sarrafawa hannu ba ya taɓa shi. A arewa, wajen Piacenza da Parma da Ferrara, inji ke girbe shi kaf. A kudu ma inji ya fi yawa, hannu yana shigowa ne in ruwa ya jiƙa ƙasa inji ya kasa shiga, ko in ana son dogon tumatir da za a sa a gwangwani ɗungurungum. A shekara suna sarrafa tan miliyan biyar zuwa shida, Amurka da Chaina ne kawai sa'anninsu. Kadada guda tana ba su tan 70 zuwa sama, manomanmu da yawa ba sa kai 10. Iri ne da aka ƙirƙira don kamfani, mai kauri, mai nuna lokaci guda, ga ban ruwa na ɗigo.

Sai tallafi. Tun 1962 ƙasashen Turai ke da tsarin noma na bai ɗaya, kuma daga 2021 zuwa 2027 an ware masa kusan Yuro biliyan 387, wajen kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar Turai gaba ɗaya. Daga 2001 zuwa 2007, duk tan ɗin tumatir da manomi ya kai kamfani ana ƙara masa Yuro 34.5 daga baitulmali. A shekarun ne gwangwaninsu ya yi ta kwarara Afirka ta Yamma, bayan an riga an sa ƙasashenmu sun sassauta harajin fito sun janye tallafin taki.

Amma abin da nake so ka riƙe, Baba, shi ne wannan. A arewacin Italiya ba a dasa tumatir sai an san kuɗinsa. Manoma suna cikin ƙungiyoyi, ƙungiyoyin su zauna da masu kamfanoni kafin dashe, a ja a ja har a tsayar da farashin tan guda, da yawan da za a noma, da yadda za a auna kyawun kaya. A 2023 Yuro 150 suka tsayar. Manomi yana riƙe da takarda kafin ya sayi iri. Kai kuma sai ka gama kashe kuɗinka, ka tsinke, ka ɗora a mota, rana tana dukan kayan, sannan dillali ya faɗa maka farashi. Wanda kayansa ke ruɓewa a gabansa ba ya ciniki, karɓa kawai yake yi.

Baban Danja

Malama, a sake faɗa mini wannan. Kafin a dasa? To in kaya ya yi yawa kasuwa ta faɗi fa, mai kamfani ba ya zillewa?

Malamar Samaru

Kafin a dasa, Baba. Ana samun rigima, wata shekarar ma ciniki kan ja har lokacin dashe ya ƙarato, kuma a wajen awo akan rage wa manomi in kayansa ya gaza. Amma zillewa gaba ɗaya da wuya, don ba da mutum ɗaya ya yi alkawari ba, da ƙungiya ce mai ɗaruruwan manoma, kuma baɗi ma yana buƙatarsu. Sannan tun farko an ƙayyade kadadar da za a noma, shi ya sa ba a cika samun irin ambaliyar da ke kashe ku a watan biyu da na uku ba.

Wani abu kuma da na manta. Gwangwanin da ka gani da launin tutar Italiya, ka juya bayansa ka sa a karanta maka. Da yawa tumatirin Chaina ne, daga yankin Xinjiang. Wani daga can ake turo shi kai tsaye da suna mai kama da na Italiya. Wani kuma a ganga yake sauka a tashar jirgin ruwa ta Salerno a Italiya da kaurinsa, a tsinka shi, a zuba a gwangwani a sake fitarwa. Tun 2018 Italiya ta wajabta rubuta ƙasar da aka noma tumatir a jikin abin da za a sayar wa mutanenta. Wanda za a turo mana bai shiga wannan doka ba.

Ɗan Kura

Ni duk wannan dogon bayani bai gamsar da ni ba. Magana ɗaya ce: a rufe boda. Kada gwangwani ko ɗaya ya shigo. Su suna tallafa wa nasu, mu mu buɗe musu ƙofa su kashe namu? In babu na waje dole a sayi na Baba.

Hajiya Mai Abinci

Ɗan nan, a watan bakwai ina na Baba yake? Ka rufe boda, ni in dafa miya da me?

Malamar Samaru

Ƙanina, an gwada kusan abin da kake faɗa. A 2017 gwamnatin Najeriya ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatir na waje zuwa kashi 50 cikin ɗari, ta ƙara dala 1,500 kan kowane tan. Ga kamfanin sarrafa tumatir na Kadawa nan kusa da ku, an buɗe shi a 2016, an gina shi don ya ci tan 1,200 a yini. A shekarar ce ƙwaron nan da manoma ke kira sharon ya cinye gonaki, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Bayan nan ma kamfani na son kaya kullum a farashi tsayayye, manomi kuma in kasuwar Kwanar Gafan ta yi sama can zai kai, in ta faɗi ya tuno kamfani. Ban ga laifin kowa ba, kowa gidansa yake ciyarwa. Haraji ina goyon bayansa, amma shi kaɗai katanga ce aka zagaye fili da ita ba a gina ɗaki ba.

Ɗan Kura

To su Italiyan ba da katanga suka fara ba? Kada a mayar da mu yara. Sai da suka ƙoshi sannan suka fara yi mana wa'azin kasuwa a buɗe.

Malamar Samaru

A nan kam ka yi gaskiya, ban musa ba. Da katanga suka fara, har yau ma ba su rushe ta ba.

Ɗalibin Parma

Salamu alaikum iyaye da yayye. Shekarata ta uku ke nan ina karatun sarrafa abinci a nan Parma, kuma ina so in ce wani abu don kada a ɗauka ƙasar nan ba komai a cikinta sai kaporale da tallafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne yadda mutanen nan ke tambayar asalin abin da za su ci. Tsohuwar da nake haya a gidanta ba ta sayen man zaitun sai ta san garin da aka matse shi. Taliya kuwa tun 1967 doka ta ce busasshiyar da za a yi a sayar a ƙasar sai da alkama mai tauri. Kowane gari da irin taliyarsa da miyarsa, kuma suna musu a kai kamar yadda Bakano da Bazazzagi ke musu. A ƙarshen Agusta iyalai, musamman 'yan kudu, kan taru a tsakar gida, kaka da jikoki, a dafa tumatir a tace a ɗura a kwalabe na shekara guda. Alhali tumatir ɗin ma baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya zo, sai a 1544 aka fara ambatonsa a rubuce a Italiya, kuma ya daɗe ana tsoron cinsa.

Ku ɗauki cukun nan Parmigiano Reggiano. Ba wanda ya isa ya sa wa cukunsa wannan suna sai an yi shi a Parma, Reggio Emilia, Modena, da wani ɓangare na Bologna da Mantova. An ƙayyade abin da saniya za ta ci. Dunƙule guda yana shan madara wajen lita 550, nauyinsa kusan kilo 40, kuma sai ya yi wata 12 a ajiye, sannan mai duba ya zo da 'yar guduma ya ƙwanƙwasa ya saurara, in ya yi a buga masa hatimin wuta. Tun 1934 masu yin sa suka haɗa ƙungiya. Har akwai banki, Credem, da tun 1953 ke karɓar cukun a matsayin jingina, ya ajiye a rumbunsa ya ba mai shi bashi. Baba, ka yi tunanin banki ya karɓi buhun kauɗarka ya ba ka kuɗin taki. Wannan ba sata ba ce, tsari ne da haƙuri na shekara da shekaru.

Ɗan Galmi

Wanga batu na suna shi ne ya taɓa ni. Mu nan albasa muke noma, kuma kowa ya san albasar Galmi tun daga Abijan har Akara. Shekaru munka yi muna gani ana zuba wata albasa a buhu a ce ta Galmi ce, har irin ma wasu sunka so su mallake shi da sunansu. Yanzu an yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar suna da fasaha da ke Yawunde, kamar yadda Kamaru ta yi wa masoron Penja tun 2013. Amma gaskiya ita ce takarda na ofis, buhu na kasuwa. Ba mu da mai 'yar guduma da zai zo ya ƙwanƙwasa. Ɗalibi, wa ke biyan mai dubawar nan taku, gwamnati?

Ɗalibin Parma

Yawanci masu cukun ne da kansu, Alhaji, kowa na ba da kaso gwargwadon abin da ya yi, kuma mai ba da shaidar daban yake da mai kayan. Da kuɗin suke talla, da shi suke zuwa kotu. A 2008 kotun Turai ta yanke cewa ko sunan Parmesan ba a yarda wani ya ara ba a cikin Tarayyar.

Ɗan Zango

Ƙanina, duk abin da ka faɗa haka yake, ni ma yanzu a arewa nake, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani kamfanin tumatir, da takardata da kwantiragina, alhamdulillahi. Amma ran da ka samu hutu ka shiga rugar shanun da ake tatsar madarar cukun nan da ƙarfe huɗu na asuba ka ga su waye a ciki. Indiyawan Punjab ne da yawansu. Su kam akasari suna da albashi da ɗaki, ba kamar mu a Foggia ba, amma hotonsu ba ya fitowa a talla. Tsohuwarka tana tambayar garin da aka matse man zaitun. Ta taɓa tambayar wa ya tsinko shi, nawa aka biya shi?

Kuma abin ba sabo ba ne. Jerry Masslo, ɗan Afirka ta Kudu, a 1989 aka kashe shi a Villa Literno, tumatir ya je tsinka. A Janairun 2010 aka harbi leburorin lemu a Rosarno har gari ya rikice. A Yunin 2024 inji ya cire wa Satnam Singh hannu a wata gona kusa da Latina, maimakon asibiti aka ajiye shi a ƙofar gida, ya mutu. Shekara 35 tsakanin na farko da na ƙarshe.

Ɗalibin Parma

Yaya, ban da bakin musa maka, kai ka sha ranar. Amma a yi adalci, a cikinsu akwai masu tambayar. Bayan Paola Clemente, 'yar ƙasar, ta faɗi ta mutu a gonar inabi a Andria a 2015, an yi doka mai lamba 199 a 2016 wadda ta ce ba kaporale kaɗai ba, shi ma mai gonar za a ɗaure shi, shekara ɗaya zuwa shida. Yvan Sagnet, ɗalibi ɗan Kamaru da ya jagoranci yajin aikin leburori a Nardò a 2011, ya kafa ƙungiyar No Cap mai yaƙi da kaporale, suna sa tambari a gwangwanin da aka biya lebura haƙƙinsa, kuma shugaban ƙasa ya karrama shi. Ƙungiyar Slow Food ma, wadda ta samo asali a 1986 lokacin da aka yi bore kan buɗe McDonald's a tsakiyar Roma, takenta abinci ya zama mai daɗi, mai tsabta, mai adalci, kuma tun 2022 ɗan Yuganda ne shugabanta, Edward Mukiibi.

Ɗan Zango

Dokar ta taimaka, na san waɗanda ta fitar daga ƙangi. Amma wanda ba shi da takardar zama ba ya kai ƙara, don shi za a fara kamawa. Muddin akwai mutum dubbai da ba su da takarda kuma suna jin yunwa, kaporale ba zai rasa fasinja ba.

Malamar Samaru

Ruwa ba ya tsami banza. Matsin daga sama yake gangarowa. Manyan kantuna kan sa kamfanoni su yi gasar karya farashi, wanda ya fi sauka shi zai samu odar, har sau biyu ake yin gwanjon. Kamfani ya matse manomi, manomi ba zai iya rage kuɗin taki ko na man tarakta ba, sai ya matse wanda ba shi da baki. A 2021 ne aka haramta irin wannan gwanjo. Kuma ku lura, a kudu inda haɗin kan manoma ya fi rauni, can kaporale ya fi ƙarfi.

Kada kuma mu ɗauka ƙaramin manomin Italiya yana cikin daula. A 1982 gonaki miliyan 3.1 ne a ƙasar, a ƙidayar 2020 saura miliyan 1.1. Tallafin ya fi bin faɗin gona, mai babba ya kwashi babba. A Puglia wata cuta, Xylella, da aka gano a 2013 ta busar da miliyoyin itatuwan zaitun, wasu sun girmi kakannin masu su. A 2022 kogin Po ya ƙafe har manoman shinkafa na Pavia da Novara suka tafka asara. A Fabrairun 2024 da tarakta suka shiga Roma suna kuka da farashi. Kukansu da na Baba uwa ɗaya uba ɗaya, bambancin su suna da ƙungiyar da in ta yi tari minista ke ji. Coldiretti, babbar ƙungiyar manomansu, tun 1944 take.

Baban Danja

To ni ɗalibi ya tsaya mini a rai da zancen kauɗa. Su ma suna shanya tumatir?

Ɗalibin Parma

Sosai, Baba, a Sicilia da Puglia da Calabria. A tsaga shi biyu, a barbaɗa gishiri, a jera a kan raga ko katako sama da ƙasa, da dare a rufe saboda raɓa. Wani a zuba shi a kwalba da man zaitun. 'Yar ƙaramar kwalba ta fi babban gwangwani tsada. Ran da na fara ganinsa a kanti na daɗe a tsaye, na tuna kauɗar da ke shanye a bakin titi daga Kura zuwa Zariya.

Hajiya Mai Abinci

Yawwa, a bakin titi. Baba ka yi haƙuri in faɗa maka abin da ke hana ni sayen kauɗa: ƙasa. Sai in wanke sau huɗu, mai ci ya tauna ya ji garas, gobe ba zai dawo ba. Ga shi tana baƙanta miya. Da zan samu wadda aka shanya a sama, ja, ba yashi, a leda mai tsabta, wallahi buhu-buhu zan saya in ajiye wa damina, in rage gwangwani da rabi.

Ɗan Kura

Hajiya, a zaure kowa na faɗin haka. Ran da aka kawo aka ce ta fi ta ƙasa tsada da kashi ɗaya cikin uku, za ki saya?

Hajiya Mai Abinci

Zan saya in ta kai yadda na faɗa, kuma ga shaidu. Buhu biyar na farko nawa ne. Amma a faɗa mini kuɗin yanzu, ba sai watan bakwai ba a ce kasuwa ta tashi.

Baban Danja

Hajiya, kin ga ke ma kina son a yanke farashi tun kafin lokaci. To na ji. Mu goma sha ɗaya ne a fadamarmu, da ma muna haɗa kuɗin man injin ban ruwa. Ran Juma'a bayan masallaci zan tara su. Gadon kara ba ya gagarar mu, gidan sauro tsoho ma zai yi raga. Abin da nake tsoro mutanenmu ne, in kasuwa ta tashi wani zai zame ya sayar a gefe.

Ɗan Zango, wata tambaya ta daban. Ɗan ƙanena ya sayar da babur ɗinsa, ya ce Italiya za shi ta Agadas. Na yi magana har na gaji. Me zan ce masa?

Ɗan Zango

Baba, kada ka ce masa ba a samu, don zai nuna maka hoton wanda ya samu. Ka faɗa masa lissafin. Ni shekara biyar na yi kafin in riƙe takarda, uku daga ciki a bukkar leda. A kwalekwalen da ya biyo bayan namu ba wanda ya kai. Mahaifiyata ta rasu ina Rignano, ban ga gawarta ba. Akwai hanyar da gwamnatinsu ke buɗewa ta leburorin gona na lokaci, dekreto flusi, amma mai gona ne ke neman mutum daga can, kuma 'yan damfara sun cika ta, suna karɓar kuɗi mai yawa mutum ya sauka ya tarar ba gonar ba mai gonar. In ya nace, ka ce ya yi mini magana ta akwatin sirri, zan kira shi da kaina.

Zancen mai zamewa kuma, su ma nan suna da shi, shi ya sa a ƙa'idar ƙungiya ake rubuta cewa ta hannunta za ka sayar da kayanka, da tarar da za a ci wanda ya karya. Yanzu haka lokacin zaman cinikin bana ne. Akwai wani manomi da ke kawo mana kaya, muna gaisawa sosai, zan roƙe shi ya nuna mini irin takardar da suke sa wa hannu. Ƙanina na Parma, in na turo maka hotonta za ka iya juya mana ita da Hausa?

Ɗalibin Parma

Turo, Yaya. Ina da jarrabawa ran Laraba, daga Alhamis zan zauna a kanta. Malama sai ki duba mini wajen awo da ragin lalatacce, nan ne kalmominsu ke da wuya.

Ɗan Galmi

In an gama a sako ta nan cikin zaure, kada a kai akwatin sirri. Mu ma na albasa muna so.